Abin da Danladi Ya Faɗa a Zongon Lome

A Hilakonji, bakin iyakar Benin da Togo, aka raba ni da jakata. Wanda ya yi mini wannan ta'asar kuwa da Hausa ya yi mini ita, shi ne abin da har yau yake ƙona mini rai. Na sauko daga mota ƙafafuna sun kumbura suntum, kunnena ya gaji da Faransanci da wasu yarukan da ban san kansu ba, sai na ji an ce, "Sannu da hanya, Inna. Kawo kayan in tsallakar miki da su." Tun da na bar Legas ban ji magana mai daɗin wannan ba. Na miƙa masa jakar har ina sa masa albarka. Ya kutsa cikin masu tura kura da masu tallan burodi, ni kuma na tsaya ina kwance bakin zanena in ciro katin allura, kafin in ɗago kai babu shi babu alamarsa. Garin kunu, daddawa, kuka, man shanun da na tanada don majinyaci, duk suka bi shi. Na shiga ƙasar mutane daga ni sai zanen jikina da waya.

Sunana Saratu, daga wani ƙauye kusa da Malumfashi. Mu Hausawa ne, kuma Kiristoci ne tun zamanin kakana, abin da in ka faɗa a wasu wurare sai a tsaya ana kallonka. Na daɗe ina shugabancin zumuntar mata a majami'armu, kuma kowa ya san bakina. In na fara addu'a, har mai wucewa a kan keke ya san Saratu ce. Abin da ya fito da ni shi ne waya da aka yi mini, cewa ɗana na fari, mai aikin ɗaure tamfol a kan manyan motocin da ke kwasar kaya daga Lome zuwa Nijar, ya zame daga saman lodi ya faɗo da ka.

Ɗan fari ne, kun kuwa san halinmu. Sunansa na baftisma Yohanna, sunan surukina, saboda haka bakina bai taɓa furta shi ba. Ranar Lahadi aka haife shi, kowa na ce masa Danladi, ni ko wannan ɗin ma sai dai in ce "yaron nan". Kakarsa ce ta yaye shi ta riƙe shi. Ban taɓa zama da shi mun yi hira irin ta uwa da ɗa ba. Da ya tafi neman abin kansa, in ya bugo waya gaisuwa ce kawai, ya gida, ya damina, sai in miƙa wa ƙannensa. Haka aka koya mana kunya, haka na yi ta.

Ɗan zemijan, wato ɗan acaɓarsu, ya ɗauke ni daga tashar Lome ya yi ta gudu da ni har na fara tunanin shi ma sace ni zai yi. Ashe Zongon, unguwar Hausawa, can bayan gari yake, ta arewa. Damina ce, ruwa ya kwanta jawur a lunguna, an jera duwatsu da tsofaffin tayoyi ana takawa. Amma ko'ina ka juya Hausa ce, mai ƙosai, mahauci, yaran da ke tsalle a taɓo. Hausar tasu dai sai a hankali, mace ma "kai" wasu ke ce mata, kuma kafin a kai ƙarshen magana an tsoma Faransanci. Duk da haka sai da idona ya kawo ruwa, don na ji kamar na iso gida.

Gidan Alhaji Tanko aka kai ni, wanda ya saukar da Danladi tun zuwansa. Kakansa daga Kano ya zo da fataucin goro, shi kuwa bai taɓa ganin Kanon ba. Matarsa Hajiya Ramatu ce ta tarbe ni, mace mai jiki, mai baki irin nawa. 'Yarsu Fati, wadda ke koyon aikin jinya, ita ta riƙe hannuna zuwa ɗakin da yaron yake.

Yana kwance a katifa a ƙasa, an aske masa kai, ɗinki ya ratsa daga goshi har bayan kunne. Idonsa biyu, yana bin mutum da kallo, amma baki ya mutu. Asibiti sun sallame shi tuni. Mazan gidan ke juya shi suna yi masa wanka, Hajiya ke ba shi koko da cokali. Na ɗaga zanen na duba bayansa, don ni ba a yi mini rufa-rufa. Babu gyambo ko ɗaya, ɗakin kuma babu wari.

Ina zaune gefensa aka kira azahar. Hajiya ta shigo da buta da darduma.

"Maman Danladi, ga ruwa. Gabas nan ne, wajen taga."

Na ce, "Na gode, Hajiya. Ni Kirista ce."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Da ta dubi fuskata sai dariyar ta tsaya. "Ba ke kika haife shi ba?"

"Ni na haife shi. A majami'a aka raɗa masa suna, a rafin garinmu aka yi masa baftisma."

Ta ajiye butar a hankali, ta fita.

Bayan la'asar Alhaji ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Dattijo ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Muka gaisa, ya yi mini jaje, sannan ya ce, "Baiwar Allah, an gaya mini wata magana. Yaron nan tun da ya sauka gidana tare muke zuwa Juma'a. Da mu yake azumi, da mu yake shan ruwa."

"A hannun wa ya musulunta, Alhaji?"

Ya shafa gemu. "Wallahi ba wanda ya tambaye shi. Bahaushe ya zo ya ce sunansa Danladi daga ƙasar Katsina. Me za a tambaya?"

Faɗowarsa daga mota ba ta girgiza ni kamar wannan magana ba. Mutuwa na san ta. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu tun suna ƙanana, amma duk da sa zuciyar za mu sake saduwa na binne su. Wannan kuwa, in ya tafi, ban san ko zan ƙara ganinsa ba har abada. Na dubi yaron nan, ya dube ni. Haushinsa ya kama ni har na ji kamar in kai masa mari, yana kwancen nan.

Na ɗaura ɗamara. Na shiga azumi, na ɗora hannu a kansa safe da yamma, na ɗaga murya da sunan Yesu a tsakiyar gidan Musulmi, har 'yan haya suna leƙowa. Ba wanda ya ce mini kanzil. Warkewa nake roƙo da farko, sai wata rana Fati ta ja ni gefe ta ce, "Maman, kar ki wahalar da kanki da yunwa. Likita ya ce jinin ya riga ya yi ɓarna a cikin kai. C'est fini, magana ta ƙare, sai dai ikon Allah. Du courage, ki daure." Daga nan na rage roƙona. Na ce, Ubangiji, in ba za ka tashe shi ba, buɗe bakinsa sau ɗaya. Kalma ɗaya tak, in san na wane ne. Na tuna masa shekarun da na yi ina share majami'a, da matan da na jawo cikin zumunta, da damunan da na bar gonata na tafi wa'azi ƙauyuka. Ina yi masa magana yadda nake yi wa maƙwabcin da muka saba, wanda ba ya iya ce mini a'a.

Hajiya ma ba ta zauna ba. Ta fara kawo rubutu daga wurin wani malami a ɗan kwano, ta ce a ba shi. In karɓa da hannu biyu, tana fita in tuttular ta taga. Rannan ta dawo ɗaukar ludayi ta kama ni dumu-dumu.

"Haba, Maman Danladi! Kafin ki zo wa ke kwashe masa kashi da fitsari? Yau ni ce zan cuce shi?"

"Ban ce za ki cuce shi ba. Ɗana ne."

"Ɗanki ne, ba ki san yana salla ba?"

Maganar ta shige ni har ƙashi. Muka wuni ba ma ga-maciji, amma da yamma sai ga tuwo ta aiko, da zanenta guda da kallabi, don ta lura kullum sai na wanke na jikina in zauna a ɗaki ya bushe. Ba ta sake kawo rubutun ba. Ko ta ba shi a bayan idona, wannan ban sani ba.

Ranar wata Lahadi da rana Fati ta shigo da wata tsohuwa baƙa, gajera, cikin farin leshi na zuwa sujada, ɗauke da kwanon akume, tuwon masararsu, da soyayyen kifi. "Da Akosiwa" ake ce mata, wato Yaya Akosiwa, 'yar ƙabilar Ewe, tana sayar da abinci a inda motocin ke yin lodi, gidanta kuma can unguwar Be-Kpota. Sai lokacin ta ji labarin faɗuwar. Tana ganinsa ta zube a gwiwa ta kama addu'a da yarensu. Ban ji komai ba sai sunan Yesu, shi kuwa na ji shi sarai.

Fati ce ta yi mana tafinta. Ta ce tsohuwar na cewa duk Lahadin da babu lodi, Danladi na zuwa majami'arsu. Can baya yake zama, kusa da ƙofa. Awusa suke ce masa, wato Bahaushe, don ba wanda ya san sunansa. Ba ya jin yarensu, amma in aka fara waƙa sai ka ga yana share ido, kuma kafin a tashi ya sulale.

Zuciyata ta yi fari tas. Na juya na dubi Hajiya da ke tsaye a bakin ƙofa, kallon da ko ni na san bai dace ba. Na ce wa Fati, "Tambaye ta, ya taɓa cin jibin Ubangiji da su? Ya taɓa ce mata shi mai bi ne?"

Suka yi magana. Fati ta sunkuyar da kai. "Ta ce a'a, Maman. Bai taɓa cewa komai ba. Ita ta ɗauka Musulmi ne mai son waƙa."

Haka murnata ta koma ciki. Mutanen masallaci sun ga goshinsa a ƙasa, mutanen majami'a sun ga hawayensa, ba wanda ya ji daga bakinsa. Ko tsoron rasa masauki da aiki ne ya kai shi sahu, ko kuwa kewar gida ce kawai ta kai shi wurin waƙa, na juya abin ta kowace fuska har kaina ya yi ciwo. In na tambaye shi sai ya zuba mini ido, miyau na bin gefen bakinsa, in goge.

Da hantsi ne abin ya zo. Tun safe gari ya yi zafi, ba iska, sannan hadari ya taso daga kudu baƙi ƙirin, har sai da kaji suka nufi akurki. Numfashinsa ya sauya, yana ja yana tsayawa. Fati ta taɓa wuyansa, ta leƙa tsakar gida ta kira uwarta. Hajiya ta shigo da gudu ta durƙusa a kunnensa na dama, ta fara laƙƙana masa kalmar shahada. Ni kuma na durƙusa a na hagu. Muka sa shi a tsakiya, mata biyu, kowace na ja.

A nan na yar da kunyar da na riƙe tun ranar da na haife shi. Na ce, "Yohanna."

Idonsa ya juyo kaina. Wallahi ya juyo.

"Yohanna, ɗana, ni ce. Ka kira Yesu. Ka kira shi in ji."

Sai ruwan ya sauko. Ɗakin kwano ne ba silin, kuma ban taɓa jin ruwa irin wannan ba, kamar ana juye tsakuwa a kanmu. Tsawa ta fashe har ƙasa ta motsa a ƙarƙashin gwiwata. A daidai wannan lokacin bakin yarona ya buɗe. Na ga leɓɓansa suna motsi, na ga maƙogwaronsa yana aiki. Magana yake yi, ba shure-shuren mutuwa ba ne, magana ce mai gaɓoɓi. Na manna kunnena a bakinsa, na ji ɗumin numfashinsa a kuncina, amma ban ji komai ba sai ruwa. Na ɗago na ga Hajiya tana yi mini ihu, daga bakinta na gane tana cewa, "Me ya ce?" Ko muryarta ban ji ba.

Kafin ruwan ya tsagaita ya cika.

Ban yi kuka ba a lokacin. Fushi na yi, fushin da ban taɓa yi da wani mahaluki ba. Duk tsawon damina, duk tsawon wuni, sai wannan ɗan lokacin? Na roƙi kalma ɗaya, an buɗe bakin, an kuma toshe mini kunne. Da an bar shi bebe har ƙarshe da ya fi mini sauƙi.

Alhaji ya zo bakin ƙofa, rigarsa sharkaf. Ya yi mini gaisuwa, ya ce, "Mu dai goshinsa muka gani a ƙasa tare da namu. Amma ke kika haife shi. In kin ce mu yi masa sutura, kafin la'asar yana makwancinsa. In kin ce a'a, ba wanda zai taɓa shi."

Na sa Fati ta kira Da Akosiwa a waya. Tsohuwar ta yi kuka, ta ce za ta roƙi fastonsu, ba zai ƙi ba. Sai dai al'adarsu daban ce. Gawa ɗakin ƙanƙara ake kai ta a asibiti, ta yi makonni, wani lokaci watanni, kafin a sa rana, a zo da 'yan bushe-bushe a yi taro. Mu kuwa a gida, Kirista da Musulmi, ba ma barin mamaci yana jira. Na tuna yadda yaron nan ke ƙin sanyi tun yana ƙarami. In kai shi gida kuma, ƙasashe uku ne a gabana, ni da ko jaka ban iya tsarewa ba.

Hajiya ta matso ta ce a hankali, "Ki sani fa, in mu ne, mata ba sa bin gawa. Ba za ki ga kabarin ba."

Na yi ta juya maganar a raina. So nake in zaɓi ramin da zai nuna na wane ne, sai na ga babu ramin da zai iya. In na sa shi a hannun fasto, ban mayar da shi mai bi ba. In na bar wa Alhaji, ban fitar da shi ba. Na ce, "Alhaji, hannuwan da suka wanke shi da rai su wanke shi yau. Amma ku ba ni shi tukuna."

Na rufe ƙofa. Na shafa kansa irin shafar uwa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka yaye shi. Na miƙa shi cikin sunan Yesu, a taƙaice, don maganar ta ƙare mini. Sannan na buɗe musu.

Daga zaure na tsaya. Maza sun naɗe wanduna har gwiwa, suna ratsa jan ruwan nan, makara na tafiya a saman kawunansu tana karkata, ana karɓa hannu da hannu. Mutane da yawa, direbobi, 'yan lodi, mahauta, waɗanda ban san ko ɗaya ba. Na bi ta da ido har suka sha kwana wajen mai injin niƙa.

Na koma ɗakin. Ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, an jingine katifar a bango. Na durƙusa da niyyar in yi wa Allah ƙorafi, in zazzage masa duk abin da ke cikina. Na buɗe baki sai tsoro ya rufe ni, irin wanda ban taɓa ji a majami'a ba. Tun ina yarinya na san shi Uba, mai jin kuka, mai ba da ruwa in mun yi addu'ar damina. Wannan duka gaskiya ne. Amma wanda ya tara hadarin nan tun daga teku, ya riƙe shi duk safiya, ya sake shi a daidai numfashin da ya ga dama, ba tare da ya shawarci shugabar zumuntar mata ba, shi ban san shi ba sai ranar. Na ga ƙanƙantata. Na ga ashe duk shekarun nan aikensa nake yi kamar yarona, ina kiran abin sujada. Na kifa goshina a jiƙaƙƙen sumunti, na ce, kai ne Sarki, kai ne Maɗaukaki, mai tsarki ne kai, ba mai tuhumarka. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan, na yi ta maimaitawa. Ba sanyi na ji a raina ba, kar in yi muku ƙarya. Ciwon yana nan yadda yake. Sai dai na san a gaban wa nake, kuma na kasa tashi.

Alhaji ya dawo da taɓo har cinya. Ya ce ramin ya yi ta kawo ruwa, sai da suka kwashe da bokiti kafin su sa shi. Ya ce, "Mun yi masa abin da muka sani. In mun yi kuskure, Allah ya yafe mana." Na ce, "Amin, Alhaji. Mu duka."

Ranar da zan taso, Hajiya ta raka ni har bakin titi. Muna jiran zemijan ta kama hannuna ta ce, "Wallahi ni ma ban ji ba, Yaya. Da na ji da na gaya miki, ko da ba abin da nake so ba ne." Na yarda da ita.

A gida matan zumunta suka cika mini tsakar gida, da tabarmi da kwanonin abinci. Aka yi waƙa, aka yi addu'a. Sannan matar fasto ta matso kusa, ta tambayi abin da kowa ke jira.

"Mama Saratu, ya dai tafi cikin Ubangiji ko? Ya kira sunan?"

"I" ɗin tana kan harshena, kuma daga nan har Lome babu wanda zai ƙaryata ni. Da na faɗe ta da sun yi guɗa, ni ma da na samu na yi barci.

Na ce, "Ya yi magana. Ban ji ba."

"To wa ya ji?"

"Wanda aka yi wa maganar."

Ba wadda ta ce amin.